Bin sawun Chick Webb daga Baltimore zuwa Harlem

Bikin kammala karatun ɗan yayata ne ya kai ni Amurka. Yaya ta daɗe da aure a Baltimore, a jihar Maryland, kuma tun da yaron ya shiga shekarar ƙarshe a jami'a take nanata mini cewa tunda iyayenmu sun rasu, lallai wani daga gida ya zo ya tsaya masa. Na amsa mata, amma da tawa buƙatar a zuci. Sana'ata haɗa sauti ce a wani ƙaramin situdiyo a Kano, kakanmu na wajen uwa kuwa makaɗin kalangu ne na mahauta, don haka duk inda ganga take, kunnena na can. Na daɗe ina sauraron tsofaffin faya-fayan jaz, kiɗan da baƙar fatar Amurka suka ƙirƙiro, a intanet, kuma akwai sunan da ya hana ni sakat: Chick Webb, wani mai ganga. Manyan makaɗa irin su Gene Krupa da Buddy Rich duk sun sara masa. Amma in ka kunna yawancin faya-fayansa, gangar tana can ƙasa, busa ta danne ta. Me suka ji wanda ni ban ji ba? Ga shi kuma mutumin ɗan Baltimore ne.

Biza ta ci dala 185 da zuwa Abuja da dogon jira. Jirgi ya ɗauke mu daga Kano zuwa Alƙahira, daga can muka yi kusan awa 12 a sama kafin mu sauka a filin jirgin Dulles da ke kusa da Washington. Jami'in shige da fice ya tambaye ni inda zan sauka, da aikina, da ranar komawata, sannan ya tambaya ko akwai abinci a jakata. Tun a gida Yaya ta ja mini kunne cewa ko ƙyallin kilishi kada in ɗauko, nama ba ya shiga. Na faɗa masa akwai kuka da daddawa da yaji. Aka tura ni wani layi, wata mata ta buɗe ƙullin daddawar, ta shinshina, ta dube ni, ta mayar ta ɗaure, ta ce in wuce.

Ɗan yayata yana jira a waje. Rabona da shi tun yana ɗan firamare, sai ga saurayi da gemu ya rusuna ya ce, "Kawu, sannu da hanya." Daga Dulles zuwa Baltimore tafiyar awa ɗaya da rabi ce, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu wanda ya tsayar da mu. Babu shinge, babu ganga da katako a tsakiyar titi, babu mai leƙo kai ta taga. Wanda ya saba da hanyar Kano zuwa Kaduna sai ya riƙa jin kamar akwai abin da aka manta.

An yi biki lafiya, an ci an sha, an ɗauki hotuna. Da gida ya lafa na faɗa wa Yaya inda nake son zuwa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai dai jinin Kaka bai bar ka ba. A kai shi, amma ku dawo kafin dare."

Gabashin Baltimore ba Amurkar da muke gani a talabijin ba ce. Gidaje ne na jan bulo a jere, bango ɗaya ya haɗa su tun daga wannan kwana har waccan, kowanne da 'yan matakala na farin dutse a ƙofa. Wasu an share su tas, da tukwanen furanni. Na kusa da su kuma an toshe tagoginsa da katako, ciyawa ta fito ta rufin. Sai ka ɗaga kai ka hango gine-ginen asibitin Johns Hopkins sun tokare sama a kan unguwar. A nan aka haifi Chick Webb, wanda sunansa na yanka William Henry Webb, ranar 10 ga Fabrairu, cikin talakawan baƙar fata, a lokacin da doka da al'ada suka raba musu makaranta da wurin wasa da na farare. Tun yana ƙarami tarin fuka ya kama masa ƙashin baya, ya lanƙwasa shi, ya bar shi da ƙusumbi, tsayinsa har ya mutu bai wuce ƙafa 4 da ɗan ɗoriya ba. Likita ne ya ba da shawarar ya riƙa kiɗa ko gaɓoɓinsa sa saki. Yaron ya fara da tukwane da matakalar ƙofa da duk abin da zai yi ƙara, ya shiga tallar jarida, da kuɗin jaridar ya sayi gangunansa na farko. Kafin ya gama tasowa yana kiɗa a jiragen ruwan shaƙatawa da ke yawo a mashigin Chesapeake, kuma a nan Baltimore ya haɗu da John Trueheart mai jita, wanda suka tafi New York tare a tsakiyar shekarun 1920 suka kuma rayu a ƙungiya ɗaya.

Na tsaya a bakin titin ina duban matakalan nan, raina bai yi daɗi ba. Na san yara masu irin wannan lalura a unguwarmu, na kuma san inda muke kai su. Sau da yawa bakin danja ne da ƙoƙo a hannu, kuma mu da kanmu muke cewa ai ba abin da za su iya. Ba wai Baltimore ta wancan zamani ta fi mu tausayi ba ne, wariyar da ke cikinta ta isa shaida. Amma an samu wanda ya dubi yaron ya ga hannuwansa lafiya lau suke, ya ce a ba shi sanda.

Daga nan muka bi titin Aisquith zuwa cocin Waters, inda aka yi masa jana'iza a 1939, sannan muka gangara titin Eden. A can akwai cibiyar wasanni da motsa jiki ta yara mai ɗauke da sunansa. Burinsa ne kafin ya mutu a gina wa yaran baƙar fata na gabashin birnin wurin da za su yi wasa, tunda wuraren da ake da su ba a barinsu shiga. Bai ga ginin ba. A 1940 abokansa suka yi gagarumin wasan tara kuɗi a birnin, mawaƙiyar ƙungiyarsa Ella Fitzgerald ta zo, zakaran damben duniya Joe Louis ya zo, aka buɗe cibiyar a 1947. Wani dattijo da muka tarar zaune a inuwa kusa da wurin ya ce mana a nan ya koyi ninƙaya yana yaro. Na tambaye shi ko ya san kiɗan mutumin. Ya ce uwarsa ce ta sani, shi dai ya san ruwan. Ɗan yayata, wanda aka haifa a garin, ya ce, "Kawu, wallahi na sha wucewa ta nan, na ɗauka sunan wani ɗan siyasa ne."

Abincin rana a wani ɗan shago muka saya, inda ake miƙo maka ta tagar gilashi: soyayyen kifi mai ƙaya tsakanin yankan burodi biyu, da jan yaji mai tsami, wajen dala 10. Ya yi daɗi ƙwarai. Ƙaguwa kuwa, wadda mutanen Maryland ke alfahari da ita, a gida mijin Yaya ya kawo ta. Ana shimfiɗa takarda a tebur, a zube su jajaye da barbaɗen yaji, a ba kowa 'yar guduma ta katako ya yi ta fasa. Wahalarta ta fi namanta yawa, amma hira tana daɗi a kanta.

Maƙabartar tana Arbutus, kudu maso yamma da birnin, fili ne mai ciyawa kore shar da aka keɓe wa baƙar fata tun zamanin da ko a kabari ba a haɗa su da farare. A kan kabarinsa an rubuta 1909 a matsayin shekarar haihuwa, takardun ƙidaya kuwa suna nuna 1905. Ko wanne aka ɗauka, bai kai 35 ba ya bar duniya. Tun ƙarshen 1938 jiki ya fara ƙi, yakan gama wasa ya faɗi, amma ya ƙi ajiye sanda, domin lokacin matsin tattalin arziki ne kuma mutum goma sha ne ke ci daga ƙungiyar, kowa da iyalinsa. Aka yi masa babban aiki a Johns Hopkins, ya rasu ranar 16 ga Yuni, 1939, a unguwar da aka haife shi. Ban daɗe a wurin ba.

New York kuwa ni kaɗai na tafi, a bas, dala 35, tafiyar kusan kilomita 300. Mun bi babbar hanya mai lamba 95, muka haye doguwar gadar kogin Delaware, muka ratsa New Jersey da masana'antunta, sannan bas ya nutse cikin ramin Lincoln da ke ƙarƙashin kogin Hudson ya ɓullo a tsakiyar Manhattan. Kuɗin otal a garin nan ba na mai sayen dala da naira ba ne. Mijin Yaya ya haɗa ni da wani Alhaji, Bahaushen zangon Kumasi da ke zaune a Bronx yana tuƙin tasi, shi ya ba ni katifa a falonsa. Na yi maganar kuɗi, ya ɓata rai ya ce, "Haba Malam, baƙon suruki ai baƙona ne." Da asuba muka je masallacinsu, na ji Hausa ta ko'ina, ta Gana da ta Nijar da tamu, muka fito muka karya da koko da ƙosai. Da na ce masa unguwar Harlem za ni neman wurin da wani makaɗi ya yi kiɗa kafin yaƙin Hitila, ya ce shekarunsa da yawa yana ɗaukar fasinja a titin Lenox bai taɓa jin labarin ba, amma in na gano in nuna masa.

Dala 2 da santi 90 na biya a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na sauka a titi na 125 don in fara ganin gidan wasan Apollo. A dandalinsa ne, a watan Nuwamba na 1934, wata yarinya 'yar shekara 17, marainiya da ba ta da takamaiman wurin kwana, ta ci gasar sababbin mawaƙa. Ita ce Ella Fitzgerald. A 1935 aka kawo ta wurin Webb. Da farko bai so ba, ganin tufafinta da yanayinta, amma ya yarda a gwada ta a wani wasa da suka yi a jami'ar Yale. Daga nan ba ta sake barin ƙungiyar ba. A 1938 waƙarsu "A-Tisket, A-Tasket" ta game Amurka, sunanta ya fara rufe nasa, shi kuwa ya ci gaba da tura ta gaba. Wanda ya yi aiki da mawaƙa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, na ga ƙungiyoyi sun watse a kan abin da bai kai haka ba. Bayan rasuwarsa ita ta riƙe ƙungiyar har 1942.

Daga Apollo na taka da ƙafa na bi Lenox, wanda yanzu ake kira da sunan Malcolm X, na wuce asibitin Harlem da ɗakin karatu na Schomburg a titi na 135, har na kai tsakanin titi na 140 da na 141. A nan gidan rawa na Savoy yake a da. An buɗe shi ranar 12 ga Maris, 1926, a hawa na biyu, tsawonsa daga wannan titi zuwa wancan, yana ɗaukar mutum 4,000. An rufe shi a 1958, aka rushe, aka gina dogayen gidajen haya. Abin da ya rage allo ne na tunawa a bakin hanya, wanda tsofaffin 'yan rawar gidan biyu, Frankie Manning da Norma Miller, suka buɗe a 2002. Mutane na ta wucewa da ledojin cefane. Na karanta shi, na zagaya, na dawo na sake karantawa.

Taku kaɗan daga nan, a titi na 142, gidan Cotton Club yake a wancan lokaci, inda baƙar fata ke kiɗa da rawa a dandali amma farare kaɗai ke zama su kalla. Savoy bai yi haka ba. Baƙaƙe da farare a fili ɗaya suke rawa, abin da ake tambaya kawai shi ne ko ka iya. Dandalin makaɗa biyu ne a ciki, wannan ƙungiya na sauka waccan na ɗauka, kiɗa ba ya yankewa. Daga 1931 ƙungiyar Webb ce ta gida. Can a tsakiya, a kan wani ɗan tudu, ake kafa masa kayansa: ƙatuwar gangar ƙafa mai faɗin inci 28, wadda ta kusa ɓoye shi, da matakan da aka ƙera masa na musamman don ƙafarsa ta kai, da ƙaramar ganga mai wayoyi a gindi, da faya-fayan tagulla, da ƙararrawa, da 'yan katakai masu amo daban-daban. Bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Da ka yake riƙe duk tsarin da Edgar Sampson da sauran masu tsara masa suka rubuta, ya san inda kowane mai busa zai shiga da inda zai fita. Sampson ɗin ne ya tsara "Stompin' at the Savoy", wadda ƙungiyar ta ɗauka a faifai a 1934. Mario Bauzá ɗan Kuba da Louis Jordan duk sun yi busa a ƙarƙashinsa kafin su yi nasu sunan. A wurinmu mawaƙi ne uban tafiya, makaɗa na bayansa, sunansu ma ba kowa ke riƙewa ba. A nan mai ganga ne ke ɗaukar ma'aikata, shi ke biyan albashi, sunansa ne a jikin allo.

Savoy ya shahara da karon ƙungiyoyi, a sa biyu su yi ta musayar kiɗa, 'yan rawa su yanke hukunci da ƙafa da ihu. Ranar 11 ga Mayu, 1937, aka kawo Benny Goodman, Bature, wanda jaridu ke kira sarkin wannan kiɗa, da Gene Krupa a kan ganga. Gida ya cika, dubbai suka tsaya a titin nan da nake tsaye, sai da 'yan sanda suka zo tsare hanya. Webb ya yi kaca-kaca da su, Krupa da bakinsa ya amsa an fi shi. Ranar 16 ga Janairu, 1938, daren da Goodman ya yi shahararren wasansa a zauren Carnegie Hall, aka kara da ƙungiyar Count Basie, Billie Holiday na waƙa a wancan ɓangare, Ella a wannan. An ba Webb nasara, amma magoya bayan Basie ba su taɓa yarda ba, musun ya daɗe.

Duk wannan na san shi tun a Kano. Abin da ya kawo ni bai samu ba sai da dare, a wani zaure da ke hawa na biyu a Manhattan, inda wata babbar ƙungiya ke kiɗan wancan zamani ana rawa. Dala 25 na biya a ƙofa, na sayi lemo na nemi kujera dab da mai ganga. Mutum 16 ne a dandali. Da suka tashi, abin da na fara ji ba a kunne ba ne, a ƙirji ne da tafin ƙafa: gangar ƙafa tana tafiya huɗu-huɗu a hankali, katakon daɓen yana amsawa, faya-fayan tagulla biyu na haɗuwa suna tsit, tsit a bugu na biyu da na huɗu. Faifan garmaho na shekarun 1930, mai minti uku a kowane gefe, ba ya iya ɗaukar wannan. Masu ɗaukar sauti kan tura mai ganga baya su ce ya sassauta, don kada ƙarfin bugun ya ɓata yankan faifan. Ashe abin da ya iso gare mu ragowa ce.

Sai wata tsohuwa baƙar fata, gashinta fari fat, da takalmi mara tsini, ta shigo fili da wani saurayi da bai fi jikanta ba. Ba ta tsalle, ba ta gaggawa. Ya sake ta ta tafi, ya jawo ta ta dawo, ƙugunta na juyawa a kan bugun. Na lura mai gangar ya daina kallon takardarsa, idonsa na kan ƙafarta. Ta ɗan tsaya cak, ya tsaya da ita. Ta shure ƙafar hagu, ya sakar mata tas a ƙaramar ganga. Ta juya, ya bi ta da tagulla. Ta waiwayo ta nuna shi da yatsa tana dariya. Tsigar jikina ta tashi, domin haka Kaka yake yi da kalangu in 'yan mata sun shiga fili a dandali: ba shi ke gaba ba, ba su ke gaba ba, kowa na karanta kowa. Frankie Manning ya sha ba da labarin daren 1935 da ya fara wurga abokiyar rawarsa Frieda Washington ta kan bayansa a gasar Savoy, ya ce Webb ne ke kiɗa, kuma duk motsin da suka yi sai da ya kama shi da ganga. Mutumin da ƙafarsa ba ta kai matakin ganga sai an ƙara mata ƙarfe, shi ne ya fi kowa sanin abin da ƙafar mai rawa ke so. Wannan ba ya shiga faifai, ko da na'urar yau ce. Mai son ya ji ɗan abin da ya tsira, ya nemi "Liza" ta 1938 da "Harlem Congo" ta 1937, a nan an ɗan sakar masa fili.

Da aka tashi na je na gaida mai gangar, na ce masa daga Najeriya nake, na ambaci sunan Webb. Ya ajiye sandunansa ya kama hannuna da hannu biyu. Muka yi ta magana a kan yadda ake ɗaure fata da yadda kalangu ke canza murya in an matse shi a hammata, har masu shara suka fara kife kujeru. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare Alhaji ya biyo ya ɗauke ni a tasinsa. Na roƙe shi muka bi ta Lenox, ya tsaya a titi na 140, ya fito ya haska allon da fitilar wayarsa, na fassara masa abin da ke jiki. Ya ce gobe in ya ɗauko baƙi zai nuna musu.

Kafin in bar garin na sayi tsohon faifan tagulla ɗaya a wani shagon kayan kiɗa, dala 90 bayan ciniki. Bas ya mayar da ni Baltimore, Yaya ta naɗe faifan a cikin zannuwan gadon da ta ba ni in kai wa dangi, jakar ta haura kilo 23, sai da muka rage takalma a filin jirgi ɗan yayata ya koma da su gida. A Kano jami'in kwastan ya zaro shi ya juya, ya tambaya ko faranti ne. Na ce na kiɗa ne. Ya ƙwanƙwasa shi da biro, ya saurara har ƙarar ta mutu, ya miƙo mini ya ce in wuce.